Allurar Man da Ta Kori Sale

Samarin da ke zuwa garajina a Tasawa neman koyon wutar mota duk halinsu ɗaya. Idan aka turo motar da ta ƙi tashi, sai su yi caa a kanta, kowa na son a ce shi ya tada ta. Idan kuwa aka kawo wadda allurar manta ke ƙarya, sai ka ga suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya tafi shan ruwa, wancan ya tuna bai yi salla ba. Wai ƙaramin aiki ne, waya biyu da ɗan ƙarfe. To ku zauna ku ji. Na fi shekara talatin a wannan sana'a, wuta ta ja ni, ruwan batir ya ci mini wanduna ba adadi, amma aikin da ya fi kowanne girgiza ni na allurar mai ne.

Abin da muke kira joji, wato ma'aunin mai, abu uku ne. Akwai fulotar a cikin tanki, ɗan ƙwallo ne marar nauyi a bakin siririn ƙarfe, yana yawo bisa mai: mai ya hau ya hau, mai ya sauka ya sauka. Akwai wayar da ke ɗauko labarinsa. Akwai kuma allurar da ke gaban direba. Idan aka ce maka allura na ƙarya, kada ka yi gaggawar buɗe tanki. Cire wayar daga kan tanki ka taɓa ta a jikin mota. In allura ta tashi ta kai sama, ita da wayar lafiyarsu lau, ciwon yana ciki. Sannan ne za ka cire kan batir, ka kori duk mai sigari, ka ɗauko ɗan katako ka buga murfin fulotar da shi. Katako na ce, ba guduma ba. Na san wani a Maraɗi da ya buga ƙarfe bisa ƙarfe a bakin tanki, har yau gashin girarsa bai dawo ba.

Wata motar kasuwa ta mutanen Kona ita ta koya mini halin masu motocinmu. Mai ita ya zo yana faɗa, wai allura in ta haura kwata sai ta haukace. Da na fiddo fulotar na duba 'yar wayar da ƙarfen ke gogawa, sai na ga ƙasanta ya cinye har yana ƙyalli, samanta kuwa ya yi tsatsa, tun da aka shigo da motar ƙasar nan mai bai taɓa kai shi can ba. Mu nan ba a cika tanki. Kwalba biyu a bakin hanya, kwalba uku in za a yi nisa, in ta mutu a tura. Mutum zai shekara goma da mota bai san lita nawa tankinta ke ɗauka ba. Ku riƙe wannan, zai dawo a cikin labarina.

A Maraɗi na koyi aiki, wajen maigidana Bawa, Allah ya jiƙansa. Shekara shida na yi a hannunsa, biyun farko ban taɓa waya ba sai wankin ƙusoshi. Shi ya nuna mini dabarar toshiyar tarmus. Idan fulotar ta huje ta sha mai kuma babu sabuwa, sai ya nemo toshiyar tsohon tarmus na shayi, irin mai laushin nan kamar totuwa, ya sassaƙe ta, ya shafe ta da barni, man da ake shafa wa katako ya yi ƙyalli, sau uku, ya soka ta a bakin ƙarfen. Tana yin aiki sarai. Amma yana da doka guda da ba ya ɗagawa ko ga gwamna: kafin ta shiga tanki sai ta kwana bakwai a cikin kwalbar isansi, wato fetur. In ta cika bakwai tana bisa, ta ci. In ta fara nutsewa, a jefar. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba uku ba. Ya ɗaga kile, wato sifana, zai ƙwala mini, ya ce, "Ita za ka tambaya, ba ni ba."

Shekarar da aka rufe iyaka, man Najeriya kuma ya yi tsada, ita ce mummunar shekararmu. Kayan gyara da muke samu daga Kano da Katsina suka ɗauke. 'Yan bakin hanya da ke jera kwalabe ɗari suka koma jera biyar. Direbobi suka jingine motoci suka koma gona. Sai in wuni a garaji ban taɓa ko turnabis na kwance noti ba, sai ƙudaje da nake kora. Isansi ya zama abin da mutum ke ɓoyewa ƙarƙashin gado, kuma kowa na kallon kowa da ido ɗaya.

A farkon daminar wannan shekara aka kawo mini wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya daga wani ƙauye gaba da Kanan-Bakashe. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Motar ta gari ce, 'ya'yan ƙauyen da ke ci-rani suka haɗu suka saya don kai marasa lafiya asibitin Mayahi. Mutum biyu suka zo da ita: Alhaji Mati, shugaban kwamitin da ke kula da motar, da Sale direbanta, wani dogo marar yawan magana da ya shekara tara yana jan ta. Allurarta ta daɗe da mutuwa. Sale da sanda yake awo, wata siririyar tsumagiya da ya yi wa tsaga-tsaga, ya zura ta bakin tanki ya fiddo ya duba inda ta jiƙe.

Alhaji Mati ya ce, "Malam Isuhu, mun yi karo-karo mun samu lita talatin na ko-ta-kwana. Yanzu mai ba abin wasa ba ne. So mukai kowa shi leƙa shi gani da idonai, ba sai an tambayi sanda ba."

Sale bai ji haushi ba. Har murmushi ya yi ya ce, "A gyara, Alhaji. Ni ma in huta."

Na buɗe, fulotar ta huje. Na zagaya Tasawa kaf, na aika Maraɗi, babu irinta. Sai na tuna da maigida Bawa. Na samo toshiya wajen wani mai shayi, na sassaƙe, na shafa barni sau uku, na jefa a kwalba. Na ce musu su dawo bayan kwana bakwai. Alhaji Mati ya riƙe baki.

"Kwana bakwai? Cikin damina? Muna da mata ukku da ke bisa gwiwa yau ko gobe, ga macizai cikin gonaki. Malam Isuhu, ka ji tsoron Allah."

Gaskiya ya faɗa, kuma ni ma ina bukatar aikin. Washegari da hantsi na leƙa kwalba, toshiya na bisa tana rawa abinta. Na ce a raina, abin da ya kwana ɗaya bai nutse ba ai ya ci. Na ɗaura ta. Muka zuba lita talatin ɗin a gabana, bido bayan bido, wato jarka, na lanƙwasa ƙarfen har allura ta tsaya cif a tsakiya, don tankin sittin yake ɗauka. Alhaji Mati ya leƙa, ya sa mini albarka. Suka tafi ina jin kaina ƙwararre.

Bayan kamar sati uku, ranar kasuwar Tasawa, sai ga Alhaji Mati shi kaɗai, ba mota. Ya same ni kaina cikin wata mota, hannuna duk baƙi. Muka gaisa, ya ce:

"Malam Isuhu, tambaya gare ni. Allurar ga da kag gyara muna, tana iya yin ƙarya?"

Ga mutane zaune a bencina, ga wani mai mota da nake son ya yarda da ni. Ko ɗago kai ban yi sosai ba. Na ce, "Alhaji, aikina ba ya ƙarya. Abin da allura tac ce, shi ke cikin tanki."

Ya ce, "To madalla, abin da nike son ji ke nan." Ya tafi. Ban tambaye shi me ya kawo tambayar ba. Wallahi ko sau ɗaya ban sake tuna zancen ba har damina ta wuce.

Bayan an yi girbi aka sake kawo motar. Wani ne ke jan ta, Laminu sunansa, mai surutu. Batir ya mutu saboda zama, da turi suka tada ta, allura kuma ta kwanta ƙasa ba ta motsi. Yana sauka ya fara ba ni labari yana dariya.

"Maigida, motar ga waliyyiya ce. Lita biyar munka zuba mata tun daga gida, cikin yashi, na ɗauko bido na ko-ta-kwana, wallahi har Tasawa ban buɗe shi ba."

Na san hanyar nan. Lita biyar ba ta kawo wannan mota Tasawa ko da iska na tura ta. Na taɓa waya a jikin mota, allura ta tashi sama. Ciwo na ciki ke nan. Na cire batir, na buga murfi da katako, na ɗaga. Ina leƙawa sai na ga fuskata cikin mai. Mai ne jingim, ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na tankin. Na jawo ƙarfen, ga toshiyata a bakinsa, ta yi baƙi, barnin ya saɓule, ta sha mai ta yi nauyi. Na matsa ta da yatsa, isansi ya tsiyayo.

Na ce, "Laminu, ina Sale?"

"Wane? Ɓarawon mai? Ai an daɗe da korar shi."

Na zauna a ƙasa, ba a benci ba, a ƙasa cikin baƙin mai. Laminu bai lura ba, ya ci gaba da zuba. Ya ce bayan gyaran, Sale ya kai mata biyu Mayahi, shi ke nan tafiyar da motar ta yi. Amma kullum 'yan kwamiti suka leƙa, sai su ga allura ta ƙara sauka, mota kuwa na tsaye ƙarƙashin bishiyar bedi, makulli na aljihun Sale. Yau ta bar tsakiya, jibi ta kai kwata, kafin sati uku ta kwanta a ja. Aka tara masa jama'a. Ya rantse, ya ɗauko sandarsa ya ce a zura a gani. Suka ce sandar tasa ce, shi ya yi mata tsaga, shi ya san yadda yake karkata ta. Wani dattijo ya ce kada a zalunce shi, a je a tambayi wanda ya yi gyaran. Shi ne Alhaji Mati ya zo Tasawa ranar kasuwa.

Ni ne shaidar da aka kore shi da ita. 'Yan kalmomi kaɗan, na faɗe su kaina na cikin wata mota.

Da ma a nan abin ya tsaya. Laminu ya ce bayan an karɓe makulli aka kulle motar, tunda a ganinsu babu mai, kuma babu halin sake saye. Ana cikin noma na biyu kububuwa ta sari wani manomi, Haruna, mai 'ya'ya biyar. Aka ɗora shi a amalanken shanu. Bai kai Kanan-Bakashe ba. Da amalanken ya fito daga gidansa, ta gaban motar ya wuce.

"Tun rannan," in ji Laminu, "babu mai amsa sallamar Sale. In yash shiga sahu, na kusa da shi matsawa shikai. Yara har waƙa sunka yi mai. Cewa akai shi yas sha man da za a kai Haruna da shi."

Na tambaye shi, babu wanda ya yi tunanin buɗe tankin, ko a kwance ƙusar ƙasa a ga ko wani abu zai zubo? Ya kalle ni kamar na yi tambayar wauta. Ya ce, "To mi za a buɗe, maigida? Ga allura, kuma kai kac ce ba ta ƙarya." Da a ƙauyen nan akwai wanda ya taɓa cika tanki sau ɗaya, da an ga ya cika tun bai kai rabin abin da ake zato ba. Amma mu ba mu cika tanki.

Ban gyara komai ba ran nan. Na mayar da murfi na ɗaure, na sa toshiyar a gwangwani, na ce wa Laminu gobe Juma'a tare za mu koma. Ya ce aikin fa? Na ce aikin yana can.

Bayan an sauko daga masallaci na roƙi liman ya tsai da mutane. Aka kawo motar fili. Na ce a kira Sale. Ya daɗe bai zo ba, a bayan gari aka samo shi yana ɗaurin kara, don ya bar zuwa masallacin Juma'ar garin, wani ƙauye yake tafiya da ƙafa ko ya yi azahar a gida. Da ya iso na kusa kasa gane shi. Dogon mutumin nan ya rame ya ranƙwafa. Sandar tana hannunsa, ashe bai yar da ita ba.

Na zuba isansi a kwano na jefa toshiyar a gaban kowa. Ta tafi ƙasa tsulum. Na yi bayani yadda zan iya: ni na sa ta, maigidana ya ce kwana bakwai, ni na yi ɗaya, ta riƙa shan mai tana nutsewa a hankali, allura na bin ta. Sannan na shiga ƙarƙashin mota na kwance ƙusa, aka tara bido. Na farko ya cika, mai ɗaukar lita goma. Aka sa na biyu. Filin nan ya yi tsit, ba ka jin komai sai zubar mai. Da na biyun ya kusa cika, wata tsohuwa daga bayan zana ta saki salati da ƙarfi, sai wurin ya ɓarke. Alhaji Mati ya cire hula ya riƙe a hannu. Na ga dattijo mai furfura ya zauna daɓas a ƙasa yana cewa, "Haruna ta gabanta ya wuce. Ta gabanta ya wuce."

Da aka mayar da man cikin tanki, Sale ya matso ya zura sandarsa, ya fiddo, ya duba, ya miƙa wa Alhaji Mati. Ta jiƙe har tsaga ta biyu. Alhaji ya karɓa, ya ce, "Sale, ka yahe muna don Allah." Ya fiddo makulli ya miƙa masa. Sale bai karɓa ba tukuna. Ya juyo gare ni.

"Malam Isuhu, taho mu tahi gidan Haruna. Abin ga da kah hwaɗi nan, ka sake hwaɗin shi inda ɗiyanai za su ji."

Muka tafi, jama'a na bin mu. Na tsaya a ƙofar gida, matar tana daga ciki, babbar 'yarsa na tsaye a bakin zana da ƙaninta a goye. Na maimaita komai, ban rage ba. Na ce Sale bai taɓa ɗigon mai ba, ni na yi kuskuren. Matar ta amsa daga ciki ta ce, "Allah ya riga ya rubuta. Sale, ka gahwarce mu." Ni ba ta ce mini komai ba, kuma ban ga laifinta ba.

Da muka juyo, ni da Sale a gaba, sai ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

"Toshiya ta nutse, wannan kowa na iya kuskure shi. Amma da Alhaji yaz zo yat tambaye ka, mi ya hana ka ce a kawo motar ka duba?"

Tambayar nan tana bina har yau.

Shi ya sa kuke ganin kwalaben nan jere a kan kantata, kowace da ɗan ƙwallo a ciki da ranar da aka jefa shi a rubuce a jiki. Ko sabuwar fulotar ce fil daga kwali, sai ta kwana bakwai. Masu motoci na zagina, wasu sun bar zuwa, su je. Idan kuma wani ya dawo ya ce muku, aikin da kuka yi yana iya yin ƙarya, amsa ɗaya ce a garajin nan: kawo in duba. Wanda na ji ya ba da wata amsa daban, ya kwashe kayansa.

Da aka buɗe iyaka na sa aka kawo mini fulotar ta asali daga Kano, na je har ƙauyen na ɗaura ta da hannuna. Muka cika tankin har baki, karo na farko tun da aka sayi motar, muka zuƙe, muka sake zubawa goma-goma. Allurar daidai take, ba ta kuskure ko lita ɗaya. Sale ya koma bakin aikinsa, shi ke jan motar har gobe. Idan muka haɗu a kasuwa yana gaishe ni da mutunci, ya tambayi iyali. Amma in motar ta sami matsala Mayahi yake kai ta, bai sake shigowa garajina ba. Rannan na gan ta tsaye a bakin asibiti na leƙa ta taga. Ya liƙe fuskar allurar da takarda, sandar kuma tana nan kwance a bayan kujera.